An ce rashin aikin yi ya ragu a birninmu, amma maigidana yana zaune

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani babban birni. Maigidana ya daɗe yana aikin sito a wata masana'anta, shi ke karɓar kaya ya ƙirga, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Bara aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi, yanzu ya haura shekara yana zaune. Ni ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina ne ke riƙe da gidan, Yayana kuma yakan cika mana kuɗin haya. Da farko kullum da sassafe yake fita da takardunsa, amma yanzu sai ya kai hantsi a kwance, magana kaɗan sai faɗa. Kwanan baya aka faɗa a rediyo cewa rashin aikin yi ya ragu a birninmu. Yaya ya kira ni ya ce to ga shi nan, aiki ya samu a gari, mijinki ne dai ba ya son yi, kuma daga bana ba zai ƙara sa hannu a haya ba. Maganar ta koma kunnen maigidan, tun ranar bai sake gaishe da Yaya ba. Yanzu kuma wani ya ce zai samo masa aiki a wata ma'aikata idan an ba shi kuɗi, shi ne maigidan yake so in ba shi ɗan abin da na daɗe ina tarawa. Ya ce in ba haka ba, zai bar garin. Anti, wa zan gaskata, rediyo ko mijina? Wani lokaci ni ma zuciyata takan raya mini ko Yaya ne da gaskiya, sai kuma in ji kunyar kaina.

Wata baiwar Allah

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Kina fita koyarwa, ki dawo ki tarar da miji a cikin damuwa, ga yara, ga ɗan'uwa yana matsa miki ta waya. Duk macen da ta yi shekara a haka dole wata rana zuciya ta tambaye ta ko mijin nan yana iyakar ƙoƙarinsa. Gajiya ce ta kawo tambayar, kada ki ɗauke ta a matsayin cin amana. Ki bar ta a tsakanina da ke, mu duba ta a natse.

Mai yiwuwa rediyo gaskiya ta faɗa, mijinki ma gaskiya yake faɗa. Abin da ya ɓace wa Yayanki shi ne yadda ake ƙirga wannan adadi. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda hukumomin ƙididdiga na ƙasashe da yawa ke bi, ba a kiran mutum marar aikin yi sai ya cika sharuɗɗa uku: bai yi wani aikin samun kuɗi ba a makon da ake tambaya a kai, yana shirye ya kama aiki in ya samu, kuma ya fita nema a 'yan makonnin baya, galibi huɗu. Wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a makon aka biya shi, a cikin masu aiki ake lissafa shi. Wanda kuma ya gaji da yawon nema ya zauna a gida, cire shi ake yi daga lissafin gaba ɗaya, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki.

Bari in kwatanta miki. A ce a wata unguwa akwai mutum 100 masu ƙarfin aiki, 80 suna aiki, 20 suna nema. Rashin aikin yi ya kama kashi 20 cikin 100 ke nan. Sai 10 daga cikin masu neman suka fid da rai suka daina fita. Yanzu saura 10 a cikin 90, wato wajen kashi 11. Adadi ya faɗi kusan rabi, alhali ko mutum ɗaya bai samu aiki ba. Kuma idan kin lura, mijinki da ya koma kwanciyar hantsi yana iya kasancewa cikin waɗanda ficewarsu daga lissafi ta sa adadin ya yi kyau.

Wani lokaci ma ma'aunin ne ake sauyawa. A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, lokacin da take ɗaukar duk wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba a matsayin marar aiki. Da ta koma ma'aunin awa ɗaya, sai ta fitar da kashi 4.1 na watanni ukun farko na 2023. Babu wata masana'anta da aka buɗe da ta kwashe mutane haka, lissafin ne ya canza. Sannan a inda babu tallafin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki, talaka ba ya iya zama haka nan, dole ya yi ɗan buga-buga, don haka adadin yakan fito ƙarami ko da ana cikin matsi. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadagon ta fitar a 2018 ya nuna mutum kusan biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna cikin irin aikin da ba rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Duk masu aiki ne a takarda.

Ko da raguwar ta gaske ce, adadin birni guda dunƙule yake. Ana iya ɗaukar direbobi da magina da masu tsaron shago da yawa a shekarar da masana'antu ke sallamar mutane. Ana iya buɗe guraben a can ɗaya gefen gari, inda kuɗin motar zuwa da dawowa zai cinye rabin albashi. Ana iya fifita matasa masu karɓar ƙaramin albashi a kan magidanci mai 'ya'ya uku. Rahotannin nan sukan zo da bayani dalla-dalla, kan shekaru da matakin karatu da ɓangaren sana'a da waɗanda aikinsu bai ishe su ba, sai dai rediyo kan ɗauki layin farko ta bar sauran. In kina da hali ki nemo rahoton a shafin hukumar da ta fitar da shi a intanet, ki duba wane ɓangare ne ya ƙaru, wanne ya ragu. Amfaninsa ya wuce na rufe bakin Yaya, zai nuna wa maigidanki ƙofar da ya kamata ya riƙa ƙwanƙwasawa.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba, domin shi ya fi damuna a wasiƙarki. Daɗewa a zaune ita kanta tana rage wa mutum dama. Wasu masana tattalin arziki uku, Kroft da Lange da Notowidigdo, sun aika takardun neman aiki na gwaji kusan 12,000 a manyan biranen Amurka 100, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun ga cewa yawan kiran da ake yi wa mai nema yana raguwa gwargwadon daɗewarsa ba aiki, kuma mafi yawan faɗuwar a watanni takwas na farko take faruwa. Abin da ya fi ɗaukar hankali, wannan ƙyama ta fi tsanani a biranen da aiki ke samuwa. Wato idan gari ya fara farfaɗowa, mai ɗaukar aiki yakan yi irin tunanin Yayanki: kowa yana samu, me ya hana wannan? Saboda haka labarin da kuka ji a rediyo, in ya tabbata, ƙarin dalili ne na gaggawa. Shekarar nan da ta tafi fanko a takardunsa tana bukatar a cike ta da wani abu da zai iya nunawa, ko da aikin wucin gadi ne, ko da bai kai matsayin da ya baro ba.

Game da kwanciyarsa da saurin fushi, ban ga lalaci a ciki ba. Malalaci ba ya shafe watanni yana fita da sassafe da takardu a hannu. A farkon shekarun 1930 wasu masu bincike, cikinsu har da Marie Jahoda, sun zauna a Marienthal, wani ƙauye a Ostiriya da masaƙarsa ta rufe ta bar kusan kowa ba aiki. Sun tarar mazan sun rage karatu duk da yalwar lokaci, aron littafi a laburare ya ragu, hatta tafiyarsu a kan titi ta yi sanyi, suna tsayawa ba dalili. Matan kuwa, da yake hidimar gida ta ci gaba da tsara musu yini, ba su sukurkuce haka ba. Aiki ne ke gaya wa mutum lokacin tashi, ya haɗa shi da jama'a, ya ba shi amsa idan an ce me kake yi. Mijinki ya rasa waɗannan duka a rana ɗaya, sannan yana kallon matarsa tana fita da safe, surukinsa yana biyan haya. Namijin da ya saba riƙe gidansa ba ƙaramin ciwo yake ji ba a nan, kuma sau da yawa ciwon da faɗa yake fitowa.

Fahimtar dalili ba ta wanke shi ba. Bai kamata ya huce a kanki ba, ke da kika rufa masa asiri. Bai kamata ya yanke gaisuwa da mutumin da ya tsaya muku ba. Kuma ɗora miki zaɓi biyu, ko ki kawo kuɗi ko ya tafi, matsin lamba ne da bai dace ba. Ki gaya masa wannan, amma ki zaɓi lokaci, bayan yara sun yi barci, ranar da ba a yi wani cacar baki ba. Kada ki buɗe da maganar Yaya ko ta rediyo. Ki ce, "Abban yara, na san ba son zaman nan kake yi ba, na ga irin yawon da ka sha. Ina so mu zauna mu tsara abin nan tare, amma faɗan da kake yi mini yana karya mini gwiwa." Ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko da abin da zai fara fitowa ɗaci ne.

Kuɗin kuwa, ƙanwata, kada ki bayar. A nan ba ni da wata-wata. Duk lokacin da aiki ya yi wuya a gari, masu cin kasuwar marasa aiki sukan yawaita, kuma salonsu ɗaya ne: akwai gurbi, ina da hanya a ciki, a yi sauri kafin wani ya riga ku, kada a gaya wa kowa. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago, ta 1997, ta kafa ƙa'idar cewa hatta kamfanonin da sana'arsu ke nan, samo wa mutane aiki, ba daga hannun mai neman aiki za su karɓi lada ba. To ina ga wani mutum da ba ofis ba rasit? Idan damfara ce, kuɗin sun tafi kuma ba inda za ku kai ƙara ba tare da kun tona wa kanku asiri ba. Idan kuma da gaske ana sayar da gurbin, cin hanci ne, kuma takardar da aka saya ana iya soke ta ranar da aka yi tantancewa. Ba sai kin ce masa mutumin ɓarawo ne ba, don zai ji kamar kin ce shi wawa ne. Ki ce ku gwada shi: wace ma'aikata ce, wane muƙami, ina sanarwar ɗaukar aikin, kuma ya yarda maigidan ya je ofishin da ƙafarsa ya tambaya? Mai gaskiya ba ya gudun waɗannan tambayoyi. Na jabu kuwa zai fara fushi, ya ce kun raina masa hankali, daga nan maigidanki zai gane da kansa.

In kin hana wannan, sai ki miƙo wani abu a madadinsa, kada ya ji kin toshe ƙofa kin tafi. Ya fara da komawa tsohon wurin aikinsa ya roƙi shugaban sashensa takardar shaida, wadda za ta faɗi shekarun da ya yi, da irin amanar da aka damƙa masa, da cewa rage ma'aikata ne ya fitar da shi ba laifi ba. Mutane suna raina wannan takarda. A wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2020, haɗa irin wannan shaida da takardar neman aiki ya ƙara yawan kiran da masu ɗauka ke yi da kusan kashi 60 cikin 100. Ga ma'ajin kaya ma ta fi muhimmanci, tunda abin da mai dukiya ke tsoro shi ne hannun da zai ba makullin sitonsa.

Sannan ya daina kallon kansa a matsayin ma'aikacin masana'anta kawai. Abin da ya iya shi ne tsare kaya da lissafinsu, kuma duk inda kaya ke shiga suna fita ana bukatar wannan: manyan diloli, kamfanonin rarraba kaya, wuraren gini da ake sauke siminti da rodi, ɗakin magani na asibiti, manyan kantuna, makarantun kwana. Da yawa daga cikin waɗannan ba sa buga sanarwa, ta bakin wanda aka sani suke ɗauka. Tun a 1973 wani masanin zamantakewa na Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga mutanen da aka yi sanin nesa da su a kan na jiki, saboda na jikinka abin da ka sani shi suka sani. Don haka ya ɗauki biro ya rubuta sunayen direbobin da suka riƙa sauke masa kaya, da dilolin da suka riƙa ɗauka, da abokan aikin da suka watsu wasu wurare. Ya riƙa kiran biyu ko uku a rana, kuma ya faɗi abin da yake nema ƙarara. "A taimaka mini da aiki" ba ya zama a kan kowa. "In ka ji mai neman wanda zai riƙe masa sito, ko mai son a ƙirga masa kaya na kwana biyu, ka tuna da ni" yana zama. Aikin ƙirgar kaya na 'yan kwanaki da 'yan kasuwa ke yi a ƙarshen shekara ko kafin sabon kaya ya iso, shi ne irin abin da zai cike masa gurbin nan, ya kuma mayar da shi cikin mutane.

Idan kuma da takarda da biro ya saba aikinsa, to a nan ne ya dace ki taɓa ɗan ajiyarki. Lissafin sito ya koma kwamfuta a wurare da yawa. Kwas ɗin 'yan makonni na koyon Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, zai ci kaɗan daga abin da mutumin can yake nema, kuma ba wanda zai ƙwace masa shi. Ki ware wani kaso ƙayyadadde na wannan da kuɗin motar fita nema, ki faɗa masa adadin, sauran kuma ki ce na haya ne da rashin lafiyar yara, ba a taɓawa. Haƙƙinki ne, guminki ne, kuma a halin da kuke ciki shi kaɗai ne katangar da ta rage wa gidan.

Barin gari ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne daidai, musamman in rahoton ya nuna ɓangarensa mutuwa yake yi a birninku. Abin da nake tsoro shi ne tafiyar fushi. Kowane babban birni cike yake da waɗanda labarin albashinsa ya jawo, sun fi guraben yawa, kuma baƙo yana isa ne ba tare da mutanen da suka san amanarsa ba, alhali su ne jarinsa. In zai tafi, ya kasance akwai takamaiman wanda ya ce zo, akwai inda zai sauka, ya tafi shi kaɗai ke ki riƙe aikinki, kuma ku yanka wa'adin da in ba a dace ba zai dawo ba tare da jin kunya ba. Ni dai zan so ku ba wa sabon tsarin neman wata uku a inda kuke tukuna, ku sa ranar da za ku zauna ku duba abin da ya haifar. Sanin cewa akwai ranar yanke shawara yana rage wa mutum jin kamar an ɗaure shi.

Saura Yaya. Kada ki manta shi ma cikin garin yake, tsadar da ke cizonku tana cizonsa, yana da nasa iyalin. Ina kyautata zaton ya gaji ne, ya rasa yadda zai ce ya gaji, sai labarin rediyo ya ba shi abin fakewa. Haya ba wajibinsa ba ce, alheri ne ya yi, kuma yana da damar tsayawa. Inda ya kuskure shi ne kiran mijinki malalaci. Ki je ki same shi da kanki, kada ki yi ta waya. Ki fara da godiya, ki ce, "Yaya, abin da ka yi mana Allah ne kaɗai zai biya ka, in ka ce ka gaji ba mu da bakin magana. Amma kalmar nan ta yi wa Abban yara ciwo, kuma ni na ga fitar da ya yi ta yi." Ki nuna masa tsarin da kuka yi, ki roƙe shi abu biyu: ya janye hannunsa a hankali maimakon lokaci guda, kuma ya saka surukinsa a bakin abokan huldarsa. Mai yiwuwa wannan na biyun ya fi kuɗin haya amfani. Shi kuma maigidan, gaisuwa tana kansa, shi ne ƙarami a wannan alaƙa kuma shi aka yi wa alheri. In abin ya yi masa nauyi, ku sa wani babba da dukansu ke jin kunyarsa ya haɗa su. Ki kuma toshe hanyar da maganar Yaya ta bi ta isa kunnensa, domin duk wanda ya kai ta bai taimaki aurenki ba.

Tun yanzu ku yi lissafin haya kamar Yaya ya riga ya janye. In albashinki ba zai ɗauka ba, gara ku yi wa mai gidan magana da wuri a kan biya kashi-kashi, ko ku fara duba wurin da ya fi sauƙi, da a wayi gari da takardar tashi. Komawa ƙaramin gida na ɗan lokaci ya fi cin bashin da zai bi ku shekaru.

Ki sa ido a kan lafiyarsa. In kika ga barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, ya daina cin abinci, ya daina wanka da fita masallaci ko cikin abokai, ko ya fara cewa gara ba ya raye, to abin ya wuce ɓacin rai, ciwon damuwa ne, kuma likita yake bukata ba nasiha kaɗai ba. Kada ki jira, ki sanar da wani nasa da yake jin maganarsa ku kai shi asibiti. Haka nan in faɗan ya kai ga zagi mai muni ko ɗaga hannu, ki sanar da manyanki a ranar, rashin aiki ba uzuri ba ne a nan. Ke ma ki samu 'yar'uwa ko aminiya guda da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, wadda ba za ta yi yawo da shi ba.

A makon nan abu biyu kawai nake so ki yi: ki ce a'a ga mai sayar da gurbi, ki kuma lallaɓa maigidan ya je ya karɓo takardar shaidarsa. Zuwa wurin Yaya ya biyo baya, in kin samu abin nuna masa. Ki sake rubuto mini bayan kun yi zaman wata ukun in ji inda aka kwana. Allah ya buɗa masa, ya ba ki juriya, ya daidaita tsakaninsu.